Sajan Sabitu da Akuyar Kotu

Mijin yayata, Sajan Sabitu, ɗan sandan farin kaya ne, wato irin waɗanda ake cewa ba a gane su. A Bauchi kuwa babu wanda bai gane shi ba. Safari ɗaya gare shi, ruwan toka, kuma a cikinta ya yi aikin ɓad da kama tun ina 'yar makaranta har na aurar da 'yata ta fari. An canza mata wuya, an canza aljihu, an juya hannu, har telansa na Wunti ya ce abin da ya rage na asali a jikinta maɓallai biyu ne. In ya shiga kasuwa yana tafiyar nan tasa ta wanda ya zo sayen albasa, masu yankan aljihu ne ke fara gaishe shi.

"Sajan, an fito aiki?"

Shi kuma ya sha mur, ya ce da wa suke.

Ni ƙanwar matarsa ce, sunana Khadijatu, don haka akwai wasa tsakaninmu. Yana ce mini Amarya, ina ce masa Yallaɓai, kuma kusan duk abin da zan faɗa a nan na riga na faɗa masa a gaban idonsa. Gidan aurena da gidan da suke haya a Ƙofar Ran lungu ɗaya ne, to ba labari aka ba ni ba.

Albashinsa mai ladabi ne. Yakan shigo ƙarshen wata, ya gaisa da mai shago, ya gaisa da mai gidan haya, ya leƙa makarantar yara, sannan ya yi sallama tun wata bai yi nisa ba. Akwai wani abu wai shi alawus na bincike, wanda Sabitu ke ba da labarinsa kamar yadda mutum ke ba da labarin kakan da bai tarar ba. Saboda haka in an yi maka sata ka kai ƙara, kai za ka sayi takardar da za a rubuta bayaninka, kai za ka sayi fayil, kuma kai za ka zuba man da za a bi ɓarawonka da shi. Wasu abokan aikinsa kai tsaye suke faɗa. Shi Yallaɓai kunya ba ta barinsa. Sai ya fito da tsohon babur ɗinsa gaban mai ƙara, ya buɗe tanki, ya kara kunne, ya girgiza. Ya sake girgizawa. Ba zai ce uffan ba har sai mai ƙara ya gaji ya sa hannu a aljihu. Ya taɓa gaya wa yayata Zinariya cewa duk aikin nan, da gawa da jini da zagi, babu abin da ya tsana kamar girgiza tankin nan.

Kada wani ya ɗauka waliyyi nake ba da labari. Yana karɓar goro, yana cin abincin gidan mai ƙara har ya nemi ƙari, kuma in an ba shi kuɗin mai ba ya dawo da canji. Abu ɗaya ne ba ya wasa da shi, shi ne egzibit, wato kayan da aka kama a hannun wanda ake tuhuma, waɗanda za a nuna wa alƙali. Wannan ma tsoro ne ya koya masa. Yana sabon shiga ya ga an kori wani dattijo da ya rage kaɗan ya yi ritaya, saboda rediyon egzibit ta yi ƙafa a hannunsa. Mutumin ya tafi babu fansho babu giratuti, ya ƙare yana gadi a ƙofar wani shago. Tun daga nan Sabitu ya tattara duk burinsa na duniya ya ɗora a kan fansho. In Zinariya ta ce babu shinkafa, ya ce a yi haƙuri, fansho na zuwa. In ta ce rufin ɗaki na yoyo, ya ce in giratuti ta fito gida za su gina. "Fayil ɗina fari ne tas," haka yake cewa, yana buga ƙirjin safari a hankali don kada ta yage.

Ritayarsa ta kusa, ana hango ta, sai Allah ya kawo akuya.

Wani dattijon Bafulatani ne mai suna Hammadu, wanda ya zauna a Miri da 'yan dabbobinsa tun da ƙafa ta daina bin shanu, ya zo ya ce an kwance masa jar akuya. Sabitu ya yi masa girgizar tanki. Baffa Hammadu ya tsaya yana kallo, ya ɗauka gyara ake yi, har ya ba da shawara a duba fulogi. Da aka fahimtar da shi, ya je ya sayo mai kwalba ɗaya wurin 'yan bumburutu. Da kwalbar nan Sabitu ya je kasuwar dabbobi ya tarar da wani Ɗanlarai, tsohon abokin cinikinsa, yana neman sayar da akuyar a kuɗin kaza.

Da abin ya ƙare a nan, da ba ni da labari. Amma Ɗanlarai ya rantse a kotu cewa akuyar tasa ce, gadonta ya ci. Baffa Hammadu ya ce tasa ce. Alƙali ya ce to kada a ba kowa, ta zauna a hannun hukuma har a gama shari'a. Aka kai ta ɗakin ajiyar egzibit, inda ake tara adduna da kekuna da tsofaffin janareto. Kafin gari ya waye ta cinye rabin wani fayil na shari'ar fili. Babban ofisansu ya kira Sabitu ya ce tunda shi ya kamo ta, ya sa hannu ya tafi da ita gida, kuma ranar da kotu ta neme ta a gan ta da rai. Ba a yi zancen abin da za ta ci ba.

Ina tsakar gidansu ya shigo da ita a ɗaure a bayan babur. Zinariya ta saki muciya ta tashi da murna, don tunda ta aure shi bai taɓa shigowa da abu mai ƙafa huɗu ba.

"Baban Aishatu, yau kuma? Allah ya amfana."

"Ba tamu ba ce," in ji shi. "Ta kotu ce. In ta mutu ko ta ɓata, fanshona ya tafi."

Na ce, "Yallaɓai, ai sai a ba ta ɗaki, ku ku koma turke."

Bai yi dariya ba. Ya zauna ya yi wa gidan doka: ba a dukanta, ba a barin ƙofa a buɗe, ba a barin leda a ƙasa. Sannan ya saka safarinsa ya tafi aiki, ya bar wa Zinariya kiwo.

Akuyar kotu ba ta san albashi ba. Tana son harawa, tana son dusa, tana son kanwa, kuma duk a cikin birni saye ake yi. Abin da ake ware wa kifin miya ya koma kuɗin dusa. Yayata, wadda ko kaza ba ta taɓa kiwo ba, ta koma bin gidaje tana roƙon ɓawon doya da ƙaiƙayin wake, tana aika a karyo mata ganyen mangwaro. Duk ranar zaman kotu Sabitu zai ɗaure akuyar a babur ya kai ta, a ce an ɗaga, ya dawo da ita. An canza wa alƙali wurin aiki. Sabon ya zo, ma'aikata suka tafi yajin aiki. Aka dawo, fayil ya ɓata. Fayil ya fito, Ɗanlarai ya aiko wai zazzaɓi. Akuyar nan ta fi wasu lauyoyin sanin hanyar kotu.

Ɗanlarai kuwa, da yake an ba da belinsa, har ziyara yake kawowa. Zai yi sallama a zaure, ya ce ya zo duba dukiyarsa. A fito masa da ita, ya shafa bayanta, ya girgiza kai.

"Sajan, gaskiya akuyata ta rame. A ji tsoron Allah."

Kuma ba ya zuwa sai ana sauke tukunya. Zinariya ta zuba masa tana ƙunƙuni, don ba a korar baƙo da rana tsaka ko da ɓarawo ne.

Sai ga ciki ya fito wa akuyar. Ashe da shi aka sato ta. Ta haifi biyu, duk mata. Sabitu ya tsaya a kansu hannu a ƙugu kamar wanda ya iske gawa. Washegari ya kai rahoto ofis, aka yi ta dariya, aka ce ya je ya ci gaba da riƙewa. Bayan wasu watanni ta sake ɗaukar wani cikin, wannan karon aikin bunsurun makwabta ne, kuma na rantse sai da Yallaɓai ya yi tunanin buɗe wa bunsurun fayil. Kafin a ankara 'ya'yan farko su ma sun girma sun bi sawun uwarsu.

Unguwa ta ga awaki na ƙaruwa a gidan ɗan sanda, ta yanke hukuncinta. Aka ce Sajan ya waye, yanzu da dabbobi yake karɓa. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana tsare fayil ɗinsa, sai da ya fara ciyar da dukiyar wani daga aljihunsa sannan aka fara kiransa maci hanci. Dangi na ƙauye da suka manta da shi suka fara zuwa gaisuwa, kowa da matsalarsa.

Abokin aikinsa Kofur Andrawus, mutumin kudancin jihar nan ne, mai kirki, ya zo ya ƙirga su da ido ya ja shi gefe. Ina jin su ta taga.

"Oga Sabitu, takarda ya ce akuya ɗaya. Ɗaya ka sa hannu. Wannan yaran duka, babu su a takarda. Ka sayar da biyu ka sayi abincin sauran, wa zai tambaye ka?"

"In aka tambaya fa?"

"Wa ya san ya haihu?"

"Duk Ƙofar Ran," in ji Sabitu. "Da Ɗanlarai. Ranar da ya ga babu ɗaya zai rubuta takardar ƙorafi, kuma ka san irin takardar nan ba ta ɓata."

Maganar Andrawus ita ce maganata, kuma har yau ban canza ra'ayi ba. Mutum na ciyar da garken wani, 'ya'yansa na shan kunu babu sukari, wannan ba gaskiya ba ce kaɗai, akwai taurin kai a ciki.

Abin ya zo wuya ranar da awakin suka tsinke suka afka wa zogalen mai gidan, Alhaji Mansir, wanda ya shuka saboda hawan jininsa. Suka bar masa sanduna. Da ma kuɗin haya ya wuce lokaci. Alhaji ya tsaya a zaure ya ce shi mutane ya ba haya, ba garke ba. Ko a biya shi a fitar da dabbobin, ko a fita gaba ɗaya.

Da yamma muka zaunar da Yallaɓai, ni da yayata. Zinariya ba mai yawan magana ba ce, amma ran nan ta yi.

"Baban Aishatu, a lungun nan aka haife ni. Ga gidanmu can, ga kabarin iyayena ba nisa. Akwai 'yan maza biyu a cikin awakin nan da ba haihuwa za su yi ba. Ka sayar da su mu biya Alhaji, sauran a kai su wani wuri. In an gama shari'a ka gaya wa mai su gaskiya, ni zan roƙe shi."

Na ga kamar zai yarda, don idonsa ya yi ja.

"Saura kaɗan, Zinariya," ya ce. "In na taɓa ɗaya, duk wahalar da kika sha a gidan nan ta tashi a banza. Fanshon nan naki ne."

Na ce, "Yallaɓai, fanshon nan dai ko aljanna sai haka."

Ya ce, "Amarya, ki fita daga maganar nan."

Bai taɓa yi mini magana da wannan muryar ba. Na fita, kuma na daɗe ban sake ce masa Yallaɓai ba.

Haka suka kwashe. Inda kuɗinsa zai iya kama ɗaki biyu da filin turke shi ne Miri, can bakin gari. Aka loda gado da tukwane a a-kori-kura, awaki a baya suna kuka, yayata a gaba ta rufe fuska da mayafi. Matan lungu suka fito rakiya kamar ana kai amarya, sai dai babu guɗa. Na yi kuka ran nan, kuma kukan haushi ne. Shi kuwa gogan ya ƙara wa kansa nisa da ofis, ga mai ya yi tsada, sai ya zama rabin hanya shi ke hawa babur, rabi babur ke hawansa.

Abin dariyar, gidan da suka kama bai da nisa da na Baffa Hammadu. Dattijon yana fitowa da safe zai hango akuyarsa da 'ya'yanta da jikokinta, amma doka ta hana shi taɓa igiyarsu. Sabitu ma ya gargaɗe shi kada ya kawo ko damin harawa, wai kada a ce mai ƙara na yi wa mai bincike hidima. To sai ya riƙa tsayawa daga bayan dangar kara, ya jingina da sandarsa yana kallo. Yana ganin Zinariya ta fita da lauje ta dawo da ciyawa a ka. Yana ganinta tana wanke wa wata ƙaramar ciwon baki da ruwan kanwa. Da wata ta kasa haihuwa, daga bayan dangar ya riƙa gaya mata yadda za ta sa hannu ta juya ɗan, ita kuma tana yi tana salati. Matarsa Habibatu ta zama ƙawarta. Hannun yayata, da ya saba da lalle, ya yi kanta ya tsattsage.

Ranar da shari'ar ta ƙare, ba wani bincike ne ya ƙare ta ba. Ɗanlarai ne ya gaji. Tunda aka koma Miri abincin rana ya yi masa nisa, ga kuɗin zuwa kotu. Ya aika wa Sabitu cewa zai amsa laifinsa a huta. Yallaɓai ya ce to duka tara za a kai. Na je, don ba zan bari a ba ni labarin wannan ba. Keke mai ƙafa uku guda biyu aka ɗauka, Andrawus a ɗaya rungume da 'yan ƙanana, Sabitu a ɗaya da safarinsa da aka goge da dutsen guga na gawayi, wata na tauna masa gefen aljihu.

Alƙaliyar, mace ce a lokacin, ta leƙo ta taga ta ga harabar kotu ta koma kasuwar dabbobi. Ta duba takarda, ta dubi Sabitu.

"Sajan, kotu ta san akuya ɗaya."

"Ranki ya daɗe, ita ce ta zama tara."

Ta cire tabarau ta goge ido, ina jin dariya take ɓoyewa. Ta yanke wa Ɗanlarai abin da ta yanke, ta ce a mayar wa Hammadu akuyarsa, sauran kuma ba sa gabanta, a je waje a daidaita. Ko sannu ba a ce wa Sabitu ba, balle a tambayi abin da suka ci.

A ƙarƙashin bishiyar dogon yaron da ke ƙofar kotu ya tattara igiyoyin nan tara ya danƙa wa dattijon, ya sa shi ya dangwala yatsa a takarda. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Baffa Hammadu ya goge yatsansa a jikin bishiya, ya ce:

"Sajan, mu a wurinmu ba a yin haka. In ka ba mutum kiwo, haihuwa ɗaya taka ce, ɗaya tasa. Haka na tarar ana yi, haka ubana ya yi. In na kwashe duka, me zan ce wa mutanenmu?"

"Baffa, ba kiwo ka ba ni ba. Ajiya kotu ta ba ni. In na karɓi ko kunnen ɗaya, cin hanci ne."

Dattijon ya dube shi daga hula har takalmi.

"Wa ya ce kai zan ba? Ni ban taɓa ganinka da lauje ba."

Ya kaɗa awakinsa ya kama hanyar Miri a ƙasa, suna biye da shi ba gardama, har da waɗanda ba su taɓa jin muryarsa kusa ba.

Washegari ina gidan, don a can na kwana, sai ga Habibatu ta shigo da igiya huɗu, uku mata da namiji ɗaya. Ta wuce Sabitu yana shan koko kamar ba ta gan shi ba, ta ɗaure su a turakun da suka kwana babu kowa, ta ce wa Zinariya, "Ga rabonki, in ji Baffa." Ta juya ta fita.

Yallaɓai ya ajiye kofi ya miƙe.

"A mayar da su."

Zinariya tana tsugune tana duba bakin ƙaramar. Ba ta ɗago ba.

"Ni ba 'yar sanda ba ce, Baban Aishatu. Ban sa hannu a takardar kowa ba. Na bar lungunmu saboda awakin nan, na yanka hannuna saboda su. In laifi na yi, ga ni, ka kama ni."

Na miƙa masa hannuwana biyu na ce ya haɗa da ni, don ni ce mai zuga ta. Ya ce zai je ofis ya rubuta rahoto da kansa. Ya buga babur, babur ya ƙi tashi, babu mai. Ya tsaya a tsakar gida yana huci, sannan ya yanke nasa hukuncin: shi babu ruwansa da su, ba zai taɓa igiyarsu ba, ba zai ci namansu ba, kuma kada a ambace su a gabansa. Yayata ta ce ta yarda.

Ba a daɗe ba ya yi ritaya. Aka ba shi takardar yabo, ya sa ta a gilashi ya rataye a ɗaki. Fayil ɗinsa fari tas, kamar yadda ya yi alkawari. Fayil ɗin nan yana can a wani ofis, a kan wani tebur, yana jiran sa hannun wani. Albashi ya tsaya, fansho bai fara ba. Giratutin da za a gina gida da ita, kullum ana cewa tana hanya. Lokaci zuwa lokaci a kira su tantancewa, tsofaffi su yi layi a rana don a tabbatar ba su mutu ba, sannan a ce su koma gida za a neme su.

A tsakanin nan gidan bai kwana da yunwa ba. Huɗun nan sun zama garke. Zinariya na sayar da taure gab da Sallah, ta sayi buhun masara, ta biya makaranta, ta biya haya. Manoman Miri har takin suke saye. Sabitu kuwa ya riƙe maganarsa, in an yanka ba ya cin naman, sai a zuba masa miyar kuka zalla. Amma tuwon yana cinyewa tas. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana tambayar mutane a ina suka samu kaza, bai taɓa bincikar inda masarar gidansa ke fitowa ba. Na sha gaya masa haka, yakan ce fayil ɗin ba a teburinsa yake ba.

Abin da yake ba ni tausayi, ko da yake ban taɓa nuna masa ba, shi ne ranakun tantancewa. Ba shi da mai ƙara yanzu. Sai ya fito da babur tsakar gida, inda yayata ke shara, ya buɗe tanki, ya kara kunne, ya girgiza. Ita kuma ta kwance bakin zane ta miƙa masa ba tare da sun haɗa ido ba. Ta ce mini duk ranar da ya yi haka, ba ta iya cin abinci.

Zuwana na ƙarshe ya faɗo ranar tantancewa. Ya fito cikin safarin, wadda yanzu ta yi masa yawa, da takardunsa a leda. Ya turo babur, ya buɗe tanki, ya sunkuya ya girgiza. Na buɗe baki zan ce Yallaɓai yau wa ya kawo ƙara, sai na ji tankin ya amsa da nauyi. A cike yake. Ashe tun jiya da yamma Zinariya ta sayo mai ta zuba da hannunta, lokacin yana masallaci.

Ya daɗe da kunnensa a jikin tankin, ya fi yadda ake bukata. Yayata ta ci gaba da shara, ta ba shi baya. Ni kuma na haɗiye tsokanata.

Da ya ɗago, bai dube ta ba, turke ya duba, inda awakin ke jan igiya suna kukan safe.

"Zinariya," ya ce, "ina laujen nan yake? In na dawo zan biya ta bakin rafi in yanko musu ciyawa."

Ta jingine tsintsiya, ta shiga ɗaki ta ɗauko, ta ɗaure masa a bayan babur.

"Ka cire safarin kafin ka fara," ta ce. "Ita kaɗai gare ka."